Kundin Haskell 2010: yana da kyau ƙwarai, amma shekaru sun yi masa yawa

Duk mai son koyon Haskell, wato wani harshen rubuta manhaja, da gaske, ya sauke kundin ƙa'idojin harshen na 2010 daga shafin haskell.org. Kyauta ne. Nawa na kai wani shago a Zoo Road aka buga min shi a takarda aka ɗinke, saboda yaran da nake koya wa rubuta manhaja da yamma a Gyaɗi-Gyaɗi ba kullum suke da data ba, wuta kuma ba ta da alƙawari.

Haskell harshe ne da komai nasa lissafi ne tsantsa. In ka ba wa aiki abu iri ɗaya, amsa iri ɗaya zai ba ka kullum, ba ya taɓa komai a gefe, kuma ba ya lissafa abu sai an buƙace shi. A 1987 masana suka haɗu a Portland ta Amurka, suka ga harsuna irin wannan sun haura goma sha biyu, kowa na jan nasa. Sai suka kafa kwamiti ya fitar da guda ɗaya. Kundin farko ya fito a 1990, aka sa wa harshen sunan Haskell Curry, masanin mantiki. Daga baya aka yi Haskell 98, sannan na 2010 wanda Simon Marlow ya tace.

Abin da ya fi burge ni shi ne babin Prelude, wato tarin ayyukan da harshen yake zuwa da su a shirye. Ayyukan yau da kullum irin su map da foldr da words, duk an rubuta su da Haskell ɗin kansa. In yaro ya ce min, "Malam, wai yaya foldr yake aiki?" sai in buɗe shafin in ce ya karanta da idonsa. Layi biyu ne kacal. Haka nan wajen do, kalmar da ake jera matakai ɗaya bayan ɗaya da ita, kundin ya nuna ƙarara abin da ake mayar da shi a ƙarƙashi, da yadda tazarar farkon layi take zama baka da waƙafi. Wanda ya zauna da waɗannan shafukan ya daina ɗaukar harshen a matsayin tsafi.

Matsalar ita ce kusan kowa GHC, wato manhajar da ke mayar da Haskell abin da kwamfuta za ta gudanar, yake amfani da shi wajen sarrafa abin da ya rubuta, shi kuma GHC ya yi gaba ya bar kundin. Wata ɗalibata ta rubuta Monad, wato tsarin da ake sarƙa matakan lissafi da shi, daidai yadda kundin ya ce, GHC ya ƙi karɓa. Ba laifinta ba ne. Tun fitowar GHC 7.10 a 2015 sai ka fara rubuta wani tsari mai suna Applicative kafin Monad, alhali kundin bai ma san da shi ba. An cire aikin fail, wanda kundin ya sa a cikin Monad, daga cikinsa. Shi ma length yanzu ba jeri kaɗai yake ƙirgawa ba. Ta ɓata yammacinta tana zargin kanta, wannan kuwa ya dame ni, don irin haka ne ke sa yaro mai ƙoƙari ya ajiye abu ya ce ba nasa ba ne.

A 2016 an kafa kwamitin Haskell 2020, amma kundi bai fito ba. GHC2021 da ya zo daga baya jerin ƙarin abubuwan da aka kunna a GHC ne kawai, ba kundi ba ne. Gaskiya harshen da ya fara da rubuta ƙa'idarsa a fili ya cancanci a sabunta masa ita.

Turancin kundin yana da nauyi, don haka ban yarda a ba ɗan koyo shi a makon farko ba. Wanda ya ɗan yi nisa, ya buga shi, ya riƙe jan biro, ya riƙa gwada abin da ya karanta da bayanan GHC da Hoogle, shafin binciken ayyukan Haskell, duk ranar da ya samu data. Babin Monad zai fara gyarawa.