Zuwa ga Yaya a Tawa: batun injin lantarkin da kuka ce in saya wa ƙanenmu

Yaya, salamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna da duk mutanen gida. Allah ya ba ƙanenmu lafiya daga wannan rauni na lakar baya da ya kashe masa ƙafafu, ya sa kaffara ce.

Na kalli bidiyon da ka turo ta WhatsApp, na Baturen da ya miƙe yana takawa bayan an sa masa lantarki a baya. Gaskiya ne. A Lozan ta ƙasar Suwis aka yi, aikin Grégoire Courtine da likitar fiɗa Jocelyne Bloch. A 2018 sun nuna mutum 3 suna takawa da abin dogarawa, a 2022 wasu 3 da ƙafafunsu suka mutu gaba ɗaya. Sai dai fiɗa ake yi a dasa na'urar a kan laka, kuma har yau bincike ne a kan mutane ƙalilan. Ko mai kuɗin Faransa ba ya shiga kanti ya saye ta. Don Allah kada a taɓa gonar Inna saboda ita.

Abin da nake gani kullum a gidan gashin ƙashin da nake aiki nan Liyon ta Faransa daban ne. Keke ne kafe wuri ɗaya. Majinyaci yana zaune a kujerarsa, a ɗaure masa ƙafafu, a manna masa faci-faci masu waya a gaban cinya da bayanta da mazaunai. Injin ya riƙa aika wuta kaɗan-kaɗan, tsoka ta kama ta saki, ƙafar da ba ta jin maganar mai ita ta tuƙa keke. Minti 30 zuwa awa 1, sau 3 ko fiye a mako, wata da watanni. Cinyar da ta koma kamar karan dawa tana sake cika, jini yana gudu, mazaunai su sami naman da zai tare gyambo. Amma ba ya ɗinke lakar da ta tsinke. Ku faɗa wa ƙanenmu haka da bakinku, kada ya sa rai ya zo ya karaya.

Ƙashi shi ne abin da ba mu kula da shi a gida. Ƙafar da ba ta ɗaukar nauyi tana zubar da ƙarfin ƙashinta da sauri, musamman shekara 2 na farko, kuma sama da gwiwa da ƙasanta abin ya fi ci. Mutum yana iya karyewa wurin sa wando ko ɗaga shi daga gado, bai ma ji ba, sai kumburi. Nan kafin a hau keken sai an auna ƙarfin ƙashi. Lantarkin yana taimakon ƙashi kaɗan ne, wurin da tsokar ke ja kawai, in an daina kuma ribar ta zube. Saboda haka mai tausar da ka ce yana jan ƙafafunsa da ƙarfi, a dakatar da shi yau.

Kuɗi kuwa, keken ya haura Yuro 10,000, wato fiye da miliyan 6 da rabi na sefa. Nan inshorar gwamnati ke ɗaukar jinyar irin wannan ciwo mai tsawo, mu can aljihun dangi ne, ga tafiyar sama da kilomita 500 zuwa Yamai duk lokacin ganin babban likita. Ɗan injin da masu talla ke yawo da shi a kasuwa, mai tsikarar fata, nan ma akwai shi da araha. Don rage zogi aka yi shi, ba ya gina cinya. Akwai na tsakiya mai batir wanda zan iya saye, ana cajinsa ko da hasken rana. Matsalarsa facin: yana ƙarewa, zafin Tawa kuma zai busar da dankonsa da wuri.

Injin motsa tsokar ma ba kowa yake yi wa aiki ba. In raunin yana can ƙasan ƙugu ya kashe jijiyoyin da ke shiga tsoka, ba za ta amsa ba. In kuma daga tsakiyar ƙirji ne zuwa sama, wutar tana iya tayar da hawan jini mai haɗari nan take, da ciwon kai da gumi. Ba a sa shi kan miki ko karaya.

Abu ɗaya kun fi mutanen nan: hannu. Nan ranar Lahadi wasu majinyata ba mai leƙa su. Ku kuna da masu juya shi duk awa 2, dare da rana, a duba bayansa da dugadugansa, a lanƙwasa gaɓoɓin a hankali. A ajiye shi a inuwa, a riƙa jiƙa masa zane, don jikinsa ba ya gumi sosai daga inda raunin yake zuwa ƙasa.

Matashin zama mai iska da robobin fitsari zan fara aikowa ƙarshen wata. Kai kuma ka ɗauki hoton takardun likita da na ƙashin bayansa ka turo mini, in nuna wa masu gashin nan su gaya mana ko injin zai karɓe shi. A gaida Inna da jinya.