Brevo ya fitar da ni bayan an toshe min fot 25

Kusan sati biyu ina fama da sabar imel ɗina ta gida, ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 4 ce na ɗora mata Postfix da Dovecot, manhajojin tura imel da karɓarsa, tana nan gefen inbata saboda matsalar wuta. Na saita komai amma duk saƙon da na tura sai ya maƙale, in na buga mailq, umarnin da ke nuna saƙonnin da ke layi, sai in ga Connection timed out jere reras. Ashe kamfanin da nake sayen intanet a wajensu ne suka toshe fot 25, ƙofar da sabobin imel ke miƙa wa juna saƙo ta cikinta, kuma gaskiya ban ga laifinsu sosai ba, kwamfutocin da bairos ya kama ta nan suke watsa saƙonnin banza. Ko da sun buɗe min ma, adireshin IP na gida yawanci yana cikin jerin PBL na Spamhaus, ƙungiyar yaƙi da saƙonnin banza, wato jerin adireshin da bai kamata su tura imel kai tsaye ba, ga babu PTR, bayanin da ke haɗa IP da sunan saba, Gmail ba zai ko kalle ka ba.

Shi ne na gwada Brevo, kamfanin Faransa ne mai tura imel a madadinka, da Sendinblue ake ce masa kafin su canja suna a 2023. Kyauta suna ba ka saƙo 300 a rana, ni da iyalina da ɗan shagona ko 40 ba ma kaiwa. Aikin ba wuya wallahi, a main.cf, fayil ɗin saitin Postfix, ka sa relayhost, wato sabar da za ta karɓi saƙonka ta wuce da shi, ya nufi smtp-relay.brevo.com ta fot 587, ka zuba makullin SMTP ɗin da suka ba ka a fayil ɗin sasl_passwd, a kula makullin ne ba fasuwod ɗin akawun ba, ka buga umarnin postmap a kan fayil ɗin ka sake tada Postfix. Ina zaune saƙonni 17 da suka kwana a layi suka fice cikin daƙiƙu, na ji daɗi ba kaɗan ba.

Inda za ka natsu shi ne DNS, wato saitin sunan yankinka (domain). Sai ka saka DKIM da DMARC da Brevo suka nuna maka, bayanan da ke tabbatar da cewa saƙon daga gare ka yake, don tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara kan saƙon da ba a tantance ba.

Abu biyu dai a sani. Fita kawai suke maka, shigowa kuwa in kana bayan CGNAT, wato kamfanin intanet ya haɗa ku da yawa a IP ɗaya, sai ka nemi ƙaramin VPS, wato sabar haya a intanet, ka haɗa shi da ta gidanka ta manhajar WireGuard, haka na yi. Sannan saƙonka ta sabarsu yake bi, ni da na kafa tawa don sirri wannan yana damuna har yanzu, shi ya sa takardu masu muhimmanci nake kulle su da PGP, tsarin ɓoye rubutu, kafin in tura.