Wasiƙa daga Liyon: Yaya, kafin in turo maka bafle biyar ɗin nan

Yaya, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, a gaida mini Inna da Baba, da uwargida da yara. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa.

Hoton falon da ka turo ranar Juma'a na gani, na kuma daɗe ina kallo. Ginin ya yi kyau, Allah ya sanya albarka, ya sa a shiga a sa'a. Saƙonka na biyu ne ya sa na zauna wannan dogon rubutu, inda ka ce in nemo maka irin kayan sautin maƙwabcinka, mai bafle biyar da babban akwati ɗaya, wanda aka rubuta wat 5000 a jikin kwalinsa. Na ga hoton nasa ma. Duka biyar ɗin an jera su a kan kabad ɗin tele, kafaɗa da kafaɗa, kamar jeren amarya. Ka gafarce ni in na yi tsaurin ido, amma bawan Allahn nan ya biya kuɗin bafle biyar, yana sauraron abin da guda ɗaya zai ba shi. Ba na so hakan ta same ka.

Ka san shekara uku ke nan ina aikin kai wa mutane kayan wuta gidajensu: mu ɗauko daga sito, mu hau bene da su, mu haɗa. A makona na farko aka haɗa ni da wani dattijo da ya daɗe a sana'ar. Muka shiga wani gida da kwalaye shida. Ni har na zaro wuƙa zan fara yanka, sai ya riƙe mini hannu, ya juya ya tambayi mai gidan: "A ina kake zama in za ka yi kallo?" Mutumin ya nuna kujera. Dattijon ya zauna a kanta, ya fito da igiyar awo daga aljihu, ya ba ni bakinta ya ce in kai jikin tele. Mun fi rabin awa muna awo, muna manna ƴar takarda a ƙasa, ba mu taɓa waya ko ɗaya ba. Da muka gama haɗawa ya ce in zauna, ya kunna wani fim daidai inda ake ruwan sama. Wallahi Yaya sai da na waiwaya na dubi tagar da ke bayana, na ɗauka ruwan gaske ne ya sauko. Kayan kuwa ba masu tsada ba ne, suna cikin mafi araha a shagon.

Irin wannan kaya, bafle biyar da akwati ɗaya, shi ake kira 5.1, kuma rabon aiki ne. Masu haɗa fim suna raba sauti gida shida, kowane bafle da nasa. Na tsakiya shi ke ɗauke da kusan dukkan maganar mutane. Na hagu da na dama a gaba su ke da kiɗa da motsin abin da ke faruwa a allo. Biyun baya suna kawo abin da ke kewaye da kai, iska, hayaniyar kasuwa, ihun ƴan kallo a filin ƙwallo. Ɗigo ɗayan nan kuwa shi ne babban akwatin mai gurnani, wanda ƴan'uwanmu na Kano ke cewa wufa. Wuraren da ake ajiye su ma ba son zuciyar kowa ba ne. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, da ke Janeba nan kusa da mu, ta fitar da tsarin tun 1992, kuma a kansa ake haɗa sautin.

Ga hanya mai sauƙi da dattijon ya koya mini. Ka ɗauka kana zaune a tsakiyar agogon bango, kana fuskantar ƙarfe 12. Tele da baflen tsakiya suna kan 12. Na hagu yana kan 11, na dama yana kan 1, wato digiri 30 kowane gefe. Biyun baya suna wajen 4 da 8, ko ɗan gaba da haka kaɗan, tsakanin digiri 110 da 120. Ka lura, sunansu na baya amma mazauninsu gefe ne, bayan kafaɗarka kaɗan, ba daidai ƙeya ba. Idan daga mazauninka zuwa tele mita 3 ne, to na hagu da na dama kowanne ya nisanci tsakiyar tele da abin da ya kama daga mita 1.2 zuwa 1.7, ka ɗan karkato da fuskarsu su dube ka. Masu 7.1, wato bafle bakwai, suna sa biyu a kan 3 da 9, wasu biyu a kan 5 da 7, amma falonka bai buƙatar wannan.

Akwai wurin da littafin Turawa bai san da mu ba, kuma nan nake so ka tsaya da kyau. Suna cewa a sa baflen gaba daidai tsayin kunne, su kuwa kunnen mai zaman kujera suke nufi, wajen mita ɗaya daga ƙasa. Mu a gida wa ke zaman kujera in dare ya yi? Baba yana kan darduma da matashinsa, yara suna kwance rub da ciki, kai ma da an idar da isha'i saukowa kake yi. Saboda haka kada ka bari mai haɗawa ya kafe su can sama kusa da silin don gudun hannun yara. Siririn sauti, wanda ke sa a bambance "sa" da "sha", miƙewa yake yi kamar hasken tocila, in ya bi ta saman kai ya wuce ke nan. Ka zauna yadda kuka saba zama, a auna tsayin kunnenka, a sa na gaba ukun nan kusa da haka. In dole sai an ɗaga su, a sunkuyar da fuskarsu ƙasa. Na baya su kam ana so su ɗara kunne da kamar rabin mita, don kada wanda ya zauna kusa da ɗaya ya ji shi kaɗai.

Baflen tsakiya nake so ka fi ba kulawa, saboda Baba. Na san yadda yake ta cewa a ƙaro murya lokacin tafsirin azumi da labaran dare, a ƙaro har ɗakin ya cika da ƙara, shi kuwa bai ji abin da aka ce ba. Ka sa shi daidai ƙarƙashin tele, ka jawo shi har bakin katakon kabad, kada ka tura shi cikin lungu, kada a ɗora masa ƙyallen ado a fuska. A cikin ampli, na'urar da ake jona duka baflen a jikinta, akwai inda ake ƙara wa na tsakiya ƙarfi shi kaɗai. Ƙarin mataki biyu ko uku ya isa ka ga Baba ya daina miƙa hannu neman abin ƙara murya.

A hoton na ga doguwar kujerar tana manne da bango. In da hali a jawo ta gaba ko da taku ɗaya ne. In babu, sai a sa na bayan a bangon gefe, suna duban juna.

Wufa kuwa sha'aninsa daban. Kunne ba ya iya gane inda sauti mai kauri sosai ke fitowa, shi ya sa aka saba yanke masa aiki daga hertz 80 zuwa ƙasa (hertz shi ne ma'aunin kauri da sirantar sauti), kuma ba dole ne ya zauna kusa da tele ba. Sai dai ɗaki yana wasa da irin wannan sauti: a wani wuri ya taru ya yi yawa, taku biyu gaba ya ɓace. In ka sa shi a kusurwa zai yi ƙarfi, amma sau da yawa gurnani ne kawai marar fasali, wanda ke kaɗa kwanon rufi. Dabarar da muke yi ita ce a ɗora wufan a daidai mazauninka, a kunna kiɗa mai ganga, kai kuma ka durƙusa ka bi gindin bango da rarrafe kana saurare. Inda ka ji bugun gangar ya fito tsaf, kowane bugu daban da na bayansa, nan ne wurinsa. Na yi haka a gidaje da yawa, ban taɓa ganin ta ba da kunya ba.

Sai shi kansa ɗakin. Ka tsaya tsakiyar falon ka tafa hannu sau ɗaya. Da tayil a ƙasa, siminti a bango, ba labule, za ka ji tafin ya dawo maka da wata ƴar ƙara a wutsiyarsa. Wannan amsa-kuwwar ita ke cakuɗa magana. Nan mutane suna sayen allunan soso masu tsada su manna a bango don kashe ta. Duk sanda na ga haka sai in tuna ɗakin kakanmu a Birni, ginin ƙasa mai kauri, da tabarmi da darduma a shimfiɗe, yadda ƙaramar rediyonsa ke cika ɗakin kuma kowace kalma ta fito. Kai ba sai ka sayi soso ba. Babbar darduma mai kauri tsakanin tele da mazauni, labule mai nauyi a tagogi, da matasan zama, sun yi maka rabin aikin, kuma duk akwai su a Kasuwar Dole.

Yanzu maganar kayan. Wat 5000 ɗin nan, in ka duba da kyau za ka ga an rubuta PMPO a gefensa. Lamba ce ta talla, ba ta da wani ma'auni da aka yarda da shi. Wadda ake dubawa ita ce RMS, ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a ɗore. Ampli na kirki mai wat 50 zuwa 80 a kowane bafle ya ishi falonka har ya yi yawa. Ka juya bayan na maƙwabcin naka ka karanta yawan wutar da yake ja daga bango, ka gani ko abin da ke shan wat ɗari zai iya fitar da dubu biyar. Haka waya. Akwai wadda ake sayarwa kamar jan ƙarfe, alhali alminiyom ce aka yi wa rufi. Ka kankare bakinta da wuƙa, in cikin ya yi fari ka bar ta. Mai kaurin 1.5 ta isa na gaba, na baya da za su yi tafiya mai nisa a sa musu 2.5. Ja ya shiga ja, baƙi ya shiga baƙi a kowane gefe, domin in aka juya guda ɗaya, bafle biyu sai su riƙa cinye kaurin sautin juna.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne abin da ke biyo bayan ciniki. Doka ta ba sabon kaya garanti na shekara 2, kuma abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka mayar ba tare da ka faɗi dalili ba. Yawancin ampli na Denon ko Yamaha suna zuwa da ƙaramin makirufo: ka ajiye shi a mazauninka, na'urar ta yi ta fitar da ƙara bafle bayan bafle, ta auna nisan kowanne. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka wanda ya fi kusa da kai sai ta ɗan jinkirta shi, duka su iso kunne tare. A gida kuwa ka sani, da ka fita ƙofar shago ciniki ya ƙare.

Amma mu ma muna da abin da ba su da shi. Nan in bafle ya ƙone, kuɗin gyara yakan kai na sabo, sai ka ga an fitar da shi bakin titi. Raina yana ɓaci duk sanda na gani, don na san a Damagaram akwai mai gyaran da zai buɗe shi, ya sake naɗa masa waya da hannu, ya ƙara shekaru yana aiki. Ga kuma maƙwabta. Nan bangon gidajen haya siriri ne, in ka dami mutane da dare ƴan sanda na iya cin ka tarar yuro 68, sama da jaka 44 ke nan. Nawa wufan kusan a kashe yake kullum. Kai da tsakar gida da katanga za ka ji daɗinsa fiye da ni, sai dai a rage lokacin sallah da kuma in dare ya raba.

Wata gaskiya kuma da ya kamata ka sani tun yanzu, don kada ka ce kayan sun lalace: yawancin abin da muke turawa juna a waya, da waƙoƙi da wa'azi, sauti biyu ne kawai, hagu da dama. Na baya za su yi shiru ko su yi ƙasa-ƙasa, sai in ka kunna tsarin da ke rarraba sautin, irin su Dolby Pro Logic. Cikakken aikinsu sai a fim ko tashar da aka haɗa da 5.1 tun asali. Kuma ba a so na baya su riƙa jan hankali. In kana jin su a kowane lokaci, sun yi ƙarfi.

Ga abin da na yanke. Na samu ampli na hannu mai kyau a yuro 120, kusan jaka 79, da makirufonsa, da bafle biyar ƙanana da wufa. Wutar Faransa 230 ce kamar tamu, zai shiga ba tare da wata na'ura ba, saɓanin kayan Amurka masu 120 da ke ƙonewa in aka jona su kai tsaye. Kai dai ka tanadi na'urar daidaita wuta kafin su iso, saboda hawa da saukar da take yi, kuma a riƙa zare shi in an ɗauke. Ka gaya wa uwargida don Allah kada a rufe saman amplin da ƙyalle yana aiki, ta ramukan nan yake fitar da zafi, ga bazararmu da ke haura 40. In an kashe ya huce, a rufe shi saboda ƙurar hunturu.

Kafin nan ka auna mini tsawo da faɗin falon, da nisan ƙofa da tagogi daga kusurwa, ka kuma ɗauko mini hoton inda Baba ke shimfiɗa dardumarsa. Zan zana maka wurin kowane bafle a takarda in sa cikin kwalin. Ranar da za a haɗa ka kira ni ta bidiyo, a samo igiyar awo, mu yi tare.

A gaida kowa da kowa, a ce wa Inna saƙonta na nan tafe tare da kayan. Naka, ƙaninka.