Cire haƙori a Kano: wannan karon allurar ta kama ni

Tun ina yarinya a ƙauyenmu, kusa da Ringim, ake tsokanata da "roba". Babban yatsana yana lanƙwasowa har ya taɓa damtsen hannuna, kafaɗa ta goce in mayar da kaina, bugu kaɗan jini ya kwanta. Haka Innarmu take. Sai da na girma aka faɗa min sunan abin a asibitin koyarwa: Ehlers-Danlos, larurar gado da ke raunana kolajin, wato abin da ke riƙe fata da gaɓoɓi da jijiyoyin jini.

Shekara biyu baya an cire min haƙori a wani asibiti kusa da mu. An yi allurar kashe zafi, leɓe ya yi nauyi, amma da mutumin ya kama haƙorin ya murɗa, har tsakar kaina na ji. Na riƙe hannunsa, ya ce, "Ke dai raki gare ki." Shi ya sa da wani haƙorin ya yi kogo bana, na shafe wata uku ina cusa kanumfari kafin maigida ya matsa min muka shiga Kano, wani ɗan asibitin haƙori mai zaman kansa.

Likitar mace ce. Ina ambatar larurar ta ajiye biro ta ce, "Malama, ba raki ba ne. Da yawa daga masu irin jikinki lidoken, allurar kashe zafin da aka saba yi, ba ya kama su sosai, ko ya kama ya sake da wuri." Sai ta yi min da wata allurar kashe zafin daban, mai suna artiken. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta yi gaggawa ba. Ta jira kusan minti goma, ta tsokani dasashina da wani siririn ƙarfe tana tambaya, na ce ina ji ta gefen harshe, ta ƙara allura a nan ta sake jira. Ta ce in na ji zafi in ɗaga hannun hagu, za ta tsaya. Sau ɗaya na ɗaga, ta kuwa tsaya.

Ta sa min wata 'yar roba na ciza, tana ba ni hutu don kada muƙamuƙi ya goce. Ɗinki biyu ta yi, ba ta ja zaren da ƙarfi ba, ta ce naman irin namu yagewa yake yi. Farasitamol ta rubuta, ta hana ni asfirin saboda jini.

Ƙorafina: tun tara na safe muka isa, ba a kira ni ba sai bayan azahar, kuɗin kuma ya ninka na wancan karon, ga na mota. Zafin ya dawo tun kafin mu fita daga Kano, kuma sai dare auduga ta daina jiƙewa. Ramin ya fi sati biyu kafin ya haɗe. Na karɓar wa Inna kati, ranar Talata zan raka ta.