Rakiyar sojoji a hanyar Gusau zuwa Ɗansadau: amfaninta, gazawarta, da haɗarin janye ta ba shiri

Mai kaya ko ɗan'uwa a Ɗansadau ba ya tambayar ko akwai mota a tasha. Abin da yake tambaya shi ne, "Malam, yau akwai rakiya?" Tafiyar kusan kilomita 100 ce daga Gusau, ta Wanke da Magami, kuma an daɗe rabon da direba mai hankali ya kama hanyar nan shi kaɗai, musamman daga Magami zuwa gaba, inda take kutsawa cikin ƙasar Maru ta nufi dajin Kuyambana. Motoci kan taru, a jira jami'an tsaro, a tashi a ayari guda. Hidima ce kamar kowace, tana da masu cin moriyarta, tana da tsadarta, tana da inda take ba mutane haushi, don haka ta cancanci a auna ta.

Ra'ayinmu tun daga farko shi ne a bi ta, ko da za a kwana ana jira. Ɓarayin daji lissafi suke yi. Golf ɗaya mai fasinja ba ta buƙatar fiye da mutum uku da bindiga su tare ta, amma ayarin da ke da motar sojoji mai bindiga a kai sai an tara babura da yawa, an kashe harsashi, an kuma yarda cewa wasu ba za su koma daji da rai ba. Rakiya ba ta hana hari gaba ɗaya, tsadarsa take ƙara wa maharin, kuma a mafi yawan ranaku hakan ya isa buhun masara ya iso Gusau, magani da man fetur su isa Ɗansadau.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Motar jami'an tsaro a gaba, wata a baya, fararen hula a tsakiya: ƙananan motocin fasinja, kanta-kanta masu lodin hatsi, wani lokaci da babura a gefe. Matsalar tana cikin lissafin tsawo. A ce motoci 40 ne, kowace ta bar mita 50 tsakaninta da ta gabanta, ayarin ya kai kilomita 2 ke nan. A hanya mai kwana da ramuka, ga ciyawar damina ta fi tsayin mutum, na gaba ba ya ganin tsakiya, na baya ma haka. Sannan ayari ba ya tafiya da gudu ɗaya. Na gaba zai rage gudu a rami, ya wuce ya taka mai, na bayansa su yi haka ɗaya bayan ɗaya, kafin abin ya kai ga kanta mai lodi a can baya tazarar ta zama ta rabin kilomita. Wannan giɓin maharan ke jira. Idan gudun ayari bai wuce kilomita 20 zuwa 25 a awa ba, tafiyar za ta ci awa huɗu zuwa biyar in babu abin da ya lalace, don haka ayarin da bai tashi ba har azahar yana wasa da magariba ne a cikin daji.

Kuma abu yakan lalace, yawanci daga ɓangarenmu fararen hula. Mota ɗaya da ta karya sifirin a kan kwalbati ta isa ta tsayar da kowa, kwamandan rakiya kuma ya shiga tsaka mai wuya: ya tsaya da motoci 39 a fili, ko ya bar ɗaya da mutanenta. Direban da zai shiga ayari ya cika tanki tun a gari, ya riƙe safaya biyu masu iska, jak mai aiki, fambel na ajiya, jarkar ruwa mai lita 25 saboda lagireto, da igiyar ja ta ƙarfe. Lodi kuwa shi ne babban abin kunya. Saboda ba kullum ake samun rakiya ba, kowa so yake ya kwashe na sati a sawu ɗaya, sai a ɗora wa mota abin da ya fi ƙarfinta, kuloci ya ƙone a tudu na farko. Ya kamata shugabannin direbobi su riƙa duba taya da lodi kafin a jera motoci, su cire wadda ba za ta kai ba ko da ta ɗan'uwan shugaban tasha ce. Fasinja ya riƙe ruwa da guzuri, mai hawan jini ko ciwon suga ya riƙe maganin kwana biyu, mai tsohon ciki kuma a fito da ita tun kafin naƙuda ta kama.

Inda hidimar ta fi ba mutane haushi shi ne lokaci. Ba jadawali tsayayye, mutum yakan yi kwanaki yana zarya a tasha, tumatir ya ruɓe, mara lafiya ya galabaita, kuɗin mota ya hau. Amma a yi adalci, akwai dalili. Idan aka ce kowace Talata ƙarfe tara, an faɗa wa infoma ke nan, shi kuma ya faɗa wa daji. Abin da ya dace a yi wa jama'a alkawari shi ne yawan rakiyar, a ce sau kaza a mako ba fashi, a ɓoye ranar da sa'ar sai awanni kaɗan kafin tashi. Fasinja ma ya daina kiran waya a tsakiyar tasha yana shelar "ga mu nan tasowa."

Nakiya ce ta sauya lissafin. A watan Disamba na 2024 abubuwan fashewa da aka binne sun tashi da motoci a hanyoyin yankin Ɗansadau, an rasa rayuka, rundunar 'yan sandan jihar Zamfara ta ɗora alhakin a kan Lakurawa, wata ƙungiyar 'yan bindiga masu tsattsauran ra'ayi. Bindigar da ke kan Hilux ba ta maganin abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Iyakar abin da direba zai iya shi ne ya bi sawun tayar na gabansa daidai, kada ya kauce wa rami ta gefen hanya inda ƙasa ke da laushi, kada ya sha gaban kowa, ya kuma yi shakkar duk wata sabuwar ƙasa a bakin gada. Ainihin maganin yana hannun masu kwance nakiya da kuma sansanonin da ke zaune a kan hanyar dare da rana, waɗanda ke hana a zo a haƙa rami cikin dare. Rakiyar da ake gani da rana a kan waɗannan sansanonin take tsaye. Su ma ba a cikin sauƙi suke ba: a Satumba 2021 an kai hari sansanin Mutumji a wannan yanki, jami'an tsaro 12 suka rasu.

A nan ne maganar janyewa ke shigowa. Tun Yulin 2016, lokacin da Shugaba Buhari ya zo Ɗansadau cikin kakin soja ya ƙaddamar da rundunar Harbin Kunama, sunayen rundunoni sun yi ta sauyawa, Sharan Daji, Hadarin Daji, har zuwa Fansan Yamma a 2024, matsalar ba ta ƙare ba. Akwai masu cewa a rage sojojin, a miƙa hanya ga Askarawan Zamfara, wato jami'an tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta kafa, ko a yi sulhu a huta. Gajiyar gaskiya ce. Sai dai ƙasashen da suka tura sojojinsu yaƙi da ta'addanci a waje sun sha wannan muhawara, kuma abin da ya biyo bayan gaggawarsu a rubuce yake.

Sojojin Amurka na ƙarshe sun bar Iraƙi ranar 18 ga Disamba 2011, ana ganin an karya lagon al-Qaeda a can. Shekara biyu da rabi bayan haka, a Yunin 2014, ƙungiyar ISIS ta kama Mosul, birni na biyu mafi girma a ƙasar, cikin 'yan kwanaki. A watan Agusta Amurka ta dawo da jiragen yaƙi, kuma Mosul ba ta kuɓuta ba sai Yulin 2017, bayan an rusa tsohon garin. Abin da ya fi shafar mu a labarin shi ne makomar mayaƙan ƙabilun Sunni da ake kira Sahwa, waɗanda suka juya wa al-Qaeda baya suka haɗa kai da sojojin Amurka. Da aka tafi, albashinsu ya yi ta tsinkewa, alkawarin ɗaukar su aiki bai cika ba, aka riƙa bin su ana kashewa. Kowane ƙauye a hanyar Ɗansadau yana da irinsu: wanda ya nuna wa sojoji hanyar daji, mai garin da ya ƙi karɓa wa ɓarayi harajin noma, ɗan sa-kai da kowa ya san fuskarsa. Ranar da aka kwashe sansani, su ne a sahun farko, kuma bayan haka ba wanda zai sake buɗe baki ya ba jami'an tsaro labari.

Afganistan ta koyar da abu biyu. Na farko, yarjejeniyar Doha ta 29 ga Fabrairu 2020, tsakanin Amurka da Taliban, ta sanya wa'adin ficewar sojojin waje a fili, ta kuma kai ga sakin fursunonin Taliban 5,000. Wanda ya san ranar tafiyarka ba ya buƙatar ya ci ka da yaƙi, jira kawai zai yi, kamar yadda infoma ke jiran jadawalin rakiya. Na biyu, sojojin Afganistan an gina su ne a kan tallafin sama, kuma 'yan kwangilar waje ne ke gyara musu yawancin jiragen. Da waɗannan suka tafi, jirage suka fara kwanciya, sansanonin nesa suka rasa harsashi da abinci da hanyar kwashe wanda ya ji rauni, suka riƙa miƙa wuya ɗaya bayan ɗaya. An bar filin jirgin Bagram a farkon Yulin 2021, Kabul ta faɗi ranar 15 ga Agusta. A auna wannan da Askarawa. An ƙaddamar da su a Janairun 2024, mutum sama da 2,600, idan aka raba wa ƙananan hukumomi 14 kowace ba ta samu 200 ba. Sun san daji fiye da baƙon soja, sun kuma nuna jarumta, amma mota mai sulke da manyan bindigogi da kiran jirgi duk a hannun soja suke. A bar musu hanyar babu waɗannan, an maimaita kuskuren ne.

Mali ta fi kusa, kuma labarinta ma na hanya ne. Faransa ta kammala ficewa a Agustan 2022, dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya suka bi sahu a ƙarshen 2023. A Agustan 2023 ƙwararrun Majalisar suka ba da rahoto cewa yankin da ISIS ke iko da shi a Mali ya kusan ninkawa cikin ƙasa da shekara. Ƙungiyar JNIM mai alaƙa da al-Qaeda ta datse hanyoyin Timbuktu, daga baya a Satumba 2025 ta koma ƙona tankokin man da ke shigowa daga Senegal da Kwaddibuwa, har aka rufe makarantun ƙasar na mako biyu saboda rashin mai. Babban birnin ƙasa guda, Bamako, ya koma jiran rakiyar sojoji kafin ya sha fetur.

Wutar ta iso mu ma. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 sojojin Faransa sun fita a Disamba, na Amurka suka bar Agadez a 2024, haɗin gwiwar sintiri a kan iyaka ya yi rauni. Hedkwatar tsaron Najeriya da kanta ta ce wannan giɓin ne Lakurawa suka yi amfani da shi, kuma a Nuwamban 2024 suka kashe mutum 15 a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Kebbi. Misali mafi ɗaci shi ne na Maga a Danko-Wasagu, maƙwabtan ƙasar Ɗansadau ta yamma. Ranar 17 ga Nuwamba 2025 aka sace ɗalibai mata 25 a makarantar kwana, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, kuma Gwamna Nasir Idris na Kebbi ya faɗa a fili cewa sojojin da aka girke sun tashi da misalin ƙarfe uku na dare, maharan suka iso minti 45 bayan haka.

Masu son janyewa suna da tasu hujjar. Amurka ta yi shekara 20 a Afganistan, Faransa ta shiga Mali tun Janairun 2013, duk ba su gama aikin ba, kuma zaman sojan waje yakan haifar da ƙiyayyar da 'yan ta'adda ke ci da ita. Wannan gaskiya ne, amma hujja ce da ta fi ƙarfi a kan baƙo. Sojan Najeriya a Magami a gidansa yake, babu wata ƙasar da zai koma ya bar matsalar a baya. Abin da ya kamata a yi muhawara a kai shi ne sharuɗɗan ragewa: kada a tashi sansani sai wanda zai gaje shi ya iso ya kwana a wurin tare da masu tafiya, kada a sanar da ranar, a gwada rage rakiya a ɓangare ɗaya na hanyar, misali Gusau zuwa Magami, a ga damina guda da kaka guda sun wuce lafiya kafin a taɓa na gaba. Aikin sake gina hanyar da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2024 shi zai fi komai rage bukatar rakiya, domin ayarin da ke gudun kilomita 60 a kan kwalta ya fi wuyar tarewa, binne nakiya a cikinta kuma yana barin alama. Amma masu aikin hanyar su ma sai da sojoji suke iya fita.

Ga mai fito da masara ko waken suya a kaka, lokacin da motoci suka fi yawa, ya nemi shugabannin tasha su raba ayarin gida biyu, manyan motoci daban, na fasinja daban, ko da hakan zai sa na lodi su ƙara kwana. Idan ba a samu haka ba, a sa masu nauyi a gaba, kusa da motar jami'an tsaro, domin gudun ayarin ya zama nasu, ƙananan motoci su biyo baya a tsuke.