Tiyatar moyamoya ga ƙananan yara: ɗinki ko shimfiɗa?

Cutar moyamoya tana tsuke manyan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, tiyata kuwa tana samar wa jinin sabuwar hanya. A tiyatar ɗinki, ana haɗa jijiyar gefen goshi da ta ƙwaƙwalwa, jini ya wuce nan take. Sai dai jijiyar ɗan shekara 2 sau da yawa ba ta kai milimita 1 ba, ɗinkin kan toshe.

Shimfiɗa ta fi dacewa da ƙananan yara. Ana kwantar da jijiyar a saman ƙwaƙwalwa, sababbin rassa su tsiro cikin wata 3 zuwa 6. Wannan jiran ne mai haɗari: ƙishirwa, faɗuwar bugun jini ko kuka mai tsanani kan jawo shanyewar ɓarin jiki.

Bayan shekaru, duka biyun suna rage shanyewar sosai, amma ɓarnar da ta riga tiyata kan bar matsalar koyo da magana.