Kafin ka kai tsohuwar motar ƙawa wajen mai fenti, ga zaɓin da ke gabanka

Duk wanda ya mallaki irin motocin nan da aka yi wa kwaskwarima a Amurka a shekarun 1940 da 1950, waɗanda aka rage wa tsayin rufi aka shafe mahaɗar bodinsu da dalma, to abu na farko da ke zuwa masa a rai shi ne a kankare komai a fesa sabo tana walƙiya. Ni dai shawarata ka dakata, domin fentin da ke jikinta shi ma tarihi ne, in aka kankare shi kenan ya tafi, ba kuɗin da zai dawo da shi.

Dubi Mercury ɗin nan ƙirar 1951 da 'yan'uwan nan biyu Sam da George Barris suka yi wa Bob Hirohata aikinta a Kalifoniya a 1952. Ta sha canjin launi a hannun mutane, amma da aka tashi gyara ta sai aka mayar da ita kan koren nan kala biyu na asali, kuma a Janairun 2022 aka sayar da ita a gwanjon kamfanin Mecum kan dala miliyan 1.95. Da wani ya fesa mata launin da ransa ke so kawai, da labarin ya sha bamban.

Zaɓi na farko, kuma mafi araha, shi ne ka bar fentin yadda yake, a wanke, a goge a hankali da hannu, a tsayar da tsatsa inda ta fara ci. Wannan ya dace in fentin na ainihin wanda ya ƙera ta ne, musamman in akwai zanen layi na burushi irin wanda mai zanen motoci Von Dutch ya yi suna a kai. Na biyu gyaran wuri-wuri, a taɓa inda ya lalace kawai, sai dai gaskiya haɗa sabon launi da wanda rana ta ci shekara 60 ba ƙaramin gwani ke iyawa ba. Na uku shi ne kankarewa har ƙarfe, kuma ba na goyon bayansa sai in tsatsa ta shiga ƙarƙashi ko fentin ya tsattsage ko'ina.

In har ta kama sai an kankare, to yadda za a yi shi ne inda ake yawan ɓarna. Feshin yashi da ƙarfin iska yana da sauri amma yana lanƙwasa faffaɗan ƙarfe kamar rufi da bonet, kuma yana cinye aikin dalman da wani ya zauna ya yi da hannu. Feshin soda ya fi taushi, amma in ba a wanke ragowarsa tas ba sabon fenti ba zai kama ba. Tsoma bodi cikin asid kuwa yana shiga lungu-lungu, daga baya ya riƙa tsattsafowa ta mahaɗa yana ɓata aiki. Ni na fi son maganin kankare fenti da samfefa, a bi shi hawa-hawa, ana ɗaukar hoton kowane launi da ya bayyana, sannan a bar wani ɗan wuri a ɓoye, kamar bakin ƙofa ta ciki ko ƙarƙashin dashbod, da tsohon fentin ba a taɓa ba, domin da shi za a gwada launi. Tun kafin nan ma ka bi jikinta da maganaɗisu, inda bai kama ba to fila ce ko dalma a wurin. A kula, ƙurar dalma guba ce, ba a goge ta da inji.

Sai nau'in fentin. Nitiroselulos, wanda DuPont ta fito da shi da sunan Duco a shekarun 1920, shi ne na masu ƙawata mota na farko, ana fesa shi siriri sau da yawa ana gogewa, ƙyallinsa mai zurfi ne ba mai kashe ido ba, amma yana tsagewa da tsufa, fetur na ɓata shi, kuma dokar muhalli ta takura sayar da shi a wurare da dama. In motarka mai suna ce, ta nuni, to wahalarsa ta cancanta. Yuriten mai hawa ɗaya, wanda launi da ƙyalli ke haɗe, shi na fi ba mutane shawara in motar za ta riƙa hawa titi, yana jure rana kuma kamanninsa bai yi nisa da na da ba. Shi kuwa mai hawa biyu, launi sannan kiliya (fenti mara launi mai sheƙi) a sama, wanda ya yaɗu a shekarun 1980, ya fi ƙarko da sauƙin gyara, amma wallahi a kan motar 1950 sai ka ga kamar an naɗe ta da leda. Inda yake da amfani sosai shi ne launin kandi mai sheƙi kamar alewa, irin jan nan da ake danganta wa mai ƙawata motoci Joe Bailon, da fenti mai ƙyalƙyali, tunda su dama sai an rufe su da kiliya. Yuriten ɗin nan da ake haɗawa da hadina (maganin sandarar da fenti) akwai sinadarin da ke illata huhu, saboda haka ba aikin yi a garejin gida da ƙyallen hanci ba ne.

Wajen zaɓen mai fenti kada kyan hoton aikinsa ya ruɗe ka. Tambaye shi ko ya iya aikin dalma ko fila kawai ya sani, wace firama (fentin shimfiɗa) zai sa a kan tsuran ƙarfe (epoksi ake so), kuma ko zai fara fesa maka launin a ɗan faranti ka duba a rana kafin ya taɓa motar. In ya ce zai daidaita duk wani ɗan karkacewa da maƙerin farko ya bari, ce masa a'a, a rubuta abin da za a taɓa da wanda za a bari a takarda kafin ka ba da kafin alƙalami.